Ƙarfin Ƙasa Da Lafiyar Ruwa A Ikara Da Maƙarfi Da Kudan

Wannan bayani ne a kan abu biyu waɗanda arzikin arewacin ƙasar Zazzau ya rataya a kansu, watau ƙasar da ake nomawa da ruwan da ake sha. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ratsa ta Tashar Yari, ko ya karkata ya shiga Hunƙuyi ko Ikara, ya san albarkar da ke wurin. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, har fatake kan zo da manyan motoci su yi lodi zuwa garuruwa masu nisa. Kudan da Hunƙuyi sun shahara da kayan lambu. Ikara kuwa masara gare ta da waken soya da tumatir, har gwamnati ta gina masana'antar markaɗa tumatir a garin cikin shekarar 1981.

Amma duk da wannan albarka, akwai kuka guda wanda ba ya fita daga bakin manoma. Sukan ce gonar da a da takan ƙoshi da taki kaɗan, yanzu sai an ƙara mata, amfanin kuwa bai ƙaru ba, ga kuɗin taki kullum sai hawa yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Masanan gona sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari da awo da ma'auni, abin da suka samu kuwa ya kamata malamai da 'yan kasuwa su ji shi, gama da wuya a sami ɗayansu wanda ba shi da gona, ko bai sa kuɗinsa cikin amfanin gona ba.

Yadda Aka Zo Nan

Ƙasar wannan yanki, in aka ɗebe fadama, ba mai kitse ba ce tun asali. Ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan rani ya shigo da zafinsa ya cinye ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da ke cikin ƙasa. Wannan ruɓaɓɓen abu shi ne ke sa ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ta riƙe danshi. A yawancin gonakin tudu bai kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin ƙasar ba.

Mutanen da sun san haka, ko da yake ba su auna ba. Gonakin karkara da ke kusa da gari sukan kai musu taki da shara da toka a kan jakuna, mangala bayan mangala, tun kafin bazara. Gonakin nesa kuwa in sun gaji sai a bar su saura, su yi shekaru suna hutawa. Bayan girbi Fulani kan sauka da shanunsu a gona, su ci kara da harawa, su bar kashinsu, mai gona ya ba su hatsi. Gero da dawa da wake ana haɗa su gona guda, kuma ba a sare gawo, domin shi da damina yake zubar da ganyensa, ba ya hana shuka rana.

Daga wajen 1975, sa'ad da aka buɗe shirin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, sai sabon irin masara ya bazu cikin wannan shiyya tare da takin zamani mai rangwame. Masara ta kawo kuɗi ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma masara maciya ce, ba ta yi sai an ciyar da ita. Jama'a suka yawaita, gonaki suka matse, barin saura ya ƙare, kara kuma aka riƙa kwashe shi don dabbobi da girki da danga. Sai ya zama ana ɗiba daga gona kowace shekara, abin da ake mayar mata kuwa bai wuce abin da ke cikin buhu ba.

Gwajin Samaru

A Samaru kusa da Zariya akwai gidan binciken gona wanda aka kafa tun 1922, aka haɗa shi da Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. A shekarar 1950 masanan wurin suka fara wani gwaji mai dogon zango, bisa koyi da wanda aka fara a Rothamsted ta ƙasar Ingila tun 1843. Suka yanka fili gida 81. Wani gida aka riƙa zuba masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani aka haɗa masa duka biyu, wani kuma ba a sa masa kome ba. Aka yi ta noma su auduga da dawa da gyaɗa, daga baya masara, shekara bayan shekara, ana auna amfanin, ana kuma ɗibar ƙasar ana dubawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga abin da ya bayyana bayan shekaru masu yawa. Gidan da ba a sa masa kome ba ya tsiyace, wannan ba abin mamaki ba ne. Gidajen da aka riƙa zuba wa takin naitirojin tsantsa, watau irin takin nan da ke sa ganye ya yi kore shar, da fari sun yi kyau, amma sannu a hankali ƙasarsu ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ragu, amfani ya ja baya ko da yake ba a fasa zuba takin ba. Gidajen da aka haɗa wa kashin shanu da takin zamani su ne suka fi riƙe ƙarfinsu.

Dalilin haka a fili yake. Takin zamani, ko kamfa ne ko yuriya ko supa, abinci ne na shuka tsagwaronsa, mai ƙarfi kuwa, gama buhun yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Amma ba ya gyara jikin ƙasa. Takin dabbobi abincinsa kaɗan ne bisa ga nauyinsa, sai dai shi ne ke sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe abincin da aka zuba mata har saiwa ta same shi. Ƙasar da ta rasa shi kamar rariya take, abin da aka zuba sai ya bi ruwa ya zurare.

Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri. Ƙarfin ƙasa shi ne uwar kuɗi, amfanin shekara shi ne riba. Wanda ke cin uwar kuɗi yana tsammani riba ce, yakan yi shekaru cikin walwala, sa'an nan rana ɗaya ya buɗe jaka ya ga wayam. Tsadar taki da aka shiga tun 2022, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ta tona asirin gonaki da yawa, domin da aka rage musu abin buhu sai aka ga ba su da wani ajiyayyen ƙarfi nasu na kansu.

Wuta-wuta Da Waken Soya

Babbar alamar gajiyar gona ita ce wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Tana maƙale wa saiwar masara ko dawa tana tsotsonta tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin a ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Tushe guda kan zubar da iri dubbai, irin kuwa kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira, ba ya tsira sai ya ji ɗuriyar saiwar da zai kama.

Masanan Samaru tare da na gidan binciken gona na Ibadan, wanda aka kafa a 1967, sun yi gwaje-gwaje a gonakin manoman arewacin Kaduna, suka tabbatar da cewa waɗansu irin waken soya kan yaudari wuta-wuta. Saiwarsu kan fitar da wani abu da ke sa irinta ya tsira, in ya tsira kuwa ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Banda wannan, in aka tuge waken soya ko gyaɗa ko wake za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu. Cikinsu akwai ƙananan halittu masu ɗebo naitirojin daga iska, shi ya sa masarar da ta gaji gurbin waken soya ta fi wadda ta gaji gurbin 'yar'uwarta masara. Daga wajen 2008, da aka yi wani shirin bincike wanda ya haɗa Kano da Katsina da Maraɗi, an zaɓi Ikara don aikin masara da dangin wake, aka zaɓi Kudan don kayan lambu, aka zaunar da manoma da masana da dillalai wuri guda. Ashe haɗin gero da wake da kakanni ke yi hikima ce, awo ya zo ya gaskata ta.

Mas'alar Ruwa

To, takin da ya zurare daga gona ina ya tafi? Wani ya bi kwari ya faɗa rafi, wani ya nutse ƙasa ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ja. A nan ne maganar ƙasa ta gamu da maganar ruwa. Tun da noman rani ya bunƙasa da injin ban ruwa da gajerun rijiyoyin burtsatse, musamman bayan shirin fadama na wajen 1993, sai taki da maganin feshi suka yawaita a daidai inda ruwa ya fi kusa da doron ƙasa. Shekarar 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kansa, an ga yadda tsoron hasara ke sa mutum ya yi ta feshi ba ƙidaya.

Kowane almajiri da ya karanta babin tsarki a Risala ko Ashmawi ya san ana duba ruwa ta hanya uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukunci yana nan daram a muhallinsa, watau ingancin alwala da wanka. Amma lafiyar ciki mas'ala ce dabam, mai ma'auni dabam. Ruwa kan zama garau, mai daɗi, ba wari, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida. A birnin Landan cikin 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi sawun annobar amai da gudawa gida gida, har ya gano ta fito daga famfo guda wanda mutanen unguwa ke sha suna yabo. Wannan cuta ce ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya cikin 2021, ta kashe fiye da 3,000.

Abu biyu masu awon ruwa suka fi nema a rijiyoyin ƙauye. Na farko ƙwayoyin cuta masu fitowa daga bayan gida, su kan shiga rijiya in masai ko turken dabbobi ya matse ta, ko bakinta ba shi da gini, ko guga na kwana a ƙasa. Na biyu wani gishiri ne da ake kira naitiret, wanda ke fitowa daga taki da kuma masai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi ga miligiram 50 cikin lita guda. In ya wuce haka yakan cuci jarirai 'yan watanni, ya hana jininsu ɗaukar iska, har leɓunansu su yi shuɗi. A lura da bambancin nan ƙwarai. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da naitiret, sai ma ya ƙara masa kauri. Babban maganinsa shi ne a hana shi shiga tun farko.

Abin Da Ya Kamata

Nasihar masana ba mai wuya ba ce. A mayar wa gona taki da shara da ruɓaɓɓen kara gwargwadon iko, a daina banka wa gona wuta da sunan sharar gona. A juya masara da waken soya ko gyaɗa ko wake. Yuriya kada a watsa ta a kan ƙasa, gama rana na tashinta ruwa na wanke ta. A binne ta kusa da gindin shuka, a raba takin sau biyu, kamfa sa'ad da masara ke da kamar mako biyu, yuriya kuwa wajen mako biyar ko shida. Wanda ya yi haka ya tsare kuɗinsa, ya kuma tsare rijiyar maƙwabcinsa, da aiki guda.

Masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30, kuma ya zama yana gangare da ita. A ɗaga bakin rijiya da gini, a yi mata murfi, a rataye guga. Kada a wanke injin feshi a rafi, kada kuma a mai da galan ɗin magani abin zuba ruwan sha ko mai, ko an wanke shi sau goma. Rijiyar masallaci da ta makarantar allo da ta kasuwa, tun da su ne jama'a suka fi sha, su suka fi cancanta a ɗebi ruwansu a kai wa masu awo, a Zariya ko Kaduna.

Ga malamai, maganarsu ake ji a zaure da wurin suna da ɗaurin aure, kuma su ne ke raba gado, sun san gona kan tsaga gida biyar ko goma bayan mai ita. Gonar da ta ƙanƙance ba ta da sauran damar hutu, sai gyara. Ga 'yan kasuwa, masu sayar da taki da magani su gaya wa mai saye gaskiyar yadda ake aiki da su, gama manomin da gonarsa ta mutu ba zai dawo shago baɗi ba. Mai ba da bashin taki a biya shi da kaka shi ma ya tambayi abin da aka shuka a gonar bara. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare jama'a daga annoba. Amin.