Yadda Waya Ta Cinye Kasuwar 'Yar MP3

Duk wanda ya yi samartaka a Karaye ko Rogo shekara goma sha biyar zuwa ashirin da suka wuce zai tuna 'yar MP3, na'urar nan mai tsawon ɗan yatsa da ake ratayawa a wuya, a soka abin sauraro a kunne. Yau ko ka bi kasuwa rumfa-rumfa da wuya ka ji mai cigiyarta.

Irin wannan faɗuwa ta taɓa samun babban kamfani. A Nuwamban 2006 Microsoft ya fito da na'urar sauraron waƙa mai suna Zune a Amurka don ya kara da iPod na kamfanin Apple, wanda ya riga shi shiga kasuwa tun 2001. Zune ba ta da laifi wajen sauti, har rediyo gare ta. Amma ta zo a makare. Tun 2003 Apple ya buɗe shagon waƙoƙi na iTunes, jama'a sun tara waƙoƙinsu a can, ba mai son sake sabon lale. Abin da Zune ta fi tinƙaho da shi shi ne tura wa aboki waƙa ba tare da igiya ba, sai kuma aka ɗaure abin da sharaɗi: saurare uku ko kwana uku, waƙar ta kulle. A 2007 wayar iPhone ta fito, a 2011 Microsoft ya daina ƙera Zune.

A nan gida wadda ta kayar da 'yar MP3 ita ce wayar Chana mai layi biyu da gurbin memori, irin su Tecno da itel. Ni a ganina lasifika ce ta raba gardamar. Mu ba mu saba sauraro mu kaɗai ba. A majalisa, a teburin mai shayi, a ɗakin amarya, in an sa Shata ko tafsirin Malam Ja'afar, kowa na son ya ji, ya tanka, ya ce a maimaita. Na'urar da ke toshe kunnen mutum ɗaya ta raba shi da 'yan'uwansa, har dattawa kan ɗauki hakan rashin ladabi, don sai a yi wa yaro sallama bai amsa ba.

Ga kuma masu turi. Ka miƙa memori, a cika maka shi da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai kan kuɗi kaɗan, gobe ka tura wa abokinka ta Bluetooth kyauta, babu sharaɗin kwana uku. Mai caji da janareto wayoyi yake jerawa. Mai gyara, wanda wataƙila a Farm Centre ta Kano ya koyo aiki, kayan waya yake da su. 'Yar MP3 kuwa, batirinta na mutuwa shi ke nan, ta zama abin wasan yara. Manomin da zai sayi abu ɗaya bayan kaka, yaya zai bar wadda ke kira, ta haska masa hanya da dare, ta kuma yi masa waƙa?

Shi kansa iPod bai tsira ba, a 2022 Apple ya rufe babinsa. Wadda ta rage tana numfashi ita ce 'yar rediyon nan mai cin memori da tocila a goshi. Tana da murya mai kaiwa ƙarshen kunya, shi ya sa har yanzu ake ganinta rataye a reshen bishiya a gona, ko a gefen masu fito da kifi a bakin madatsar Challawa.