Ire-iren Masu Inshorar Lafiya a Nijeriya

Ciwo ba ya sallama, kuma sau da yawa kuɗin asibiti kan sa magidanci ya sayar da hatsi ko dabbobinsa. Domin rage wannan wahala aka ƙirƙiro inshorar lafiya, watau jama'a su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda rashin lafiya ya kama a yi masa magani daga ciki.

Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, mai hedkwata a Abuja, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Ana rarraba masu wannan aiki bisa ga wanda ya mallake su da mutanen da suke yi wa hidima.

Na farko, hukumomin gwamnati. Ban da ta tarayya, akwai na jihohi, kamar KSCHMA ta Kano, da FHIS ta Birnin Tarayya. Su ke ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda suka yi rajista.

Na biyu, kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO. Sukan sayar wa ma'aikatu ko ɗaiɗaikun mutane inshora, su kuma biya asibitoci. Biyan iri biyu ne: ko kuɗi ƙayyadajje a kan kowane mai rajista, ko ya je asibiti ko bai je ba, ko kuwa gwargwadon aikin da aka yi masa.

Na uku, ƙungiyoyin taimakon juna na unguwa, ƙauye ko 'yan sana'a ɗaya. Mambobi ke tara kuɗin, ba don riba ba.

Marasa galihu kuwa, dokar 2022 ta tanadar musu asusu na musamman.

Ana jan hankalin jama'a da kada su ba kowa kuɗi sai sun tabbata NHIA ta amince da shi. A tambayi asibitin da za a je, da cututtukan da yarjejeniyar ta ƙunsa, da yawan iyalin da aka yarda a sa. Mai shirin da ya yi tambaya tun yana da lafiya ba zai sha mamaki a gadon asibiti ba.