Dillaliya na shiga har ɗaka, hukuma na tsayawa a zaure

Ban taɓa jin wata uwa a Rano ko Kibiya ta ce an yi safarar 'yarta ba. Wannan kalmar rediyo ce da ofis. Abin da ake cewa a Rurum da Tarai, kamar sauran ƙauyukan Kano, shi ne yarinya ta tafi aikatau. Wadda ke tafiya da ita kuwa ba baƙuwa ba ce. Mace ce da aka sani, wataƙila 'yar garin da aure ya kai birni. Takan yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, a gaisa, sannan ta sauke murya: "Yaya, ki ba ni yarinyar nan. Akwai wata Hajiya mai neman 'yar wanke-wanke. Kafin shekara ta zagayo kin haɗa mata gado da katifa."

Ba kowane aikatau ne safara ba, kuma riƙo tsohuwar al'adarmu ce da ta raya marayu da yawa. Amma idan albashin yarinya a hannun dillaliya yake sauka, idan ana ɗauke ta daga wannan gida zuwa wancan, daga Kano zuwa Abuja ko Legas, uwarta ba ta san ƙofar gidan da take kwana ba, ba boko ba Islamiyya, to an bar riƙo an shiga ciniki. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 3. Gidaje nawa ne a unguwannin Nasarawa da Hotoro na birnin Kano suka san da haka?

Ita kanta dokar, tun sigarta ta farko, mata ne suka yi naƙudarta. A 1999 Hajiya Titi Atiku Abubakar ta kafa gidauniyar WOTCLEF, wadda ta tura ƙudiri majalisa har Shugaba Obasanjo ya sa masa hannu a Yulin 2003, shekara uku bayan yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane. Daga nan hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ta samu, tana kuma da ofishin shiyya a Kano. Sai dai jami'inta, da ɗan sanda, da mai unguwa, duk iyakarsu zaure. Ba shiga aka rubuta. Cinikin kuwa can cikin ɗaka ake ƙulla shi, sau da yawa maigida yana gona ko ya tafi ci-rani.

Mun san yadda ake tashi tsaye idan baƙo ne ya yi ɓarnar. A Oktoban 2019, da aka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, gari ya ɗauka. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Rano, kotu kuma ta yanke wa jagoran ɓarayin, Paul Owne, ɗaurin shekara 104 a 2021. Daidai ne. Amma 'yar aikatau ba wanda ya sace ta. Uwarta ce ta ɗaure mata kaya a leda ta raka ta bakin titi, shi ya sa ba kwamiti, ba kuka a rediyo.

Hanyar kuma ba ta tsaya a birni ba. Akwai masu yi wa mata alkawarin aiki a Saudiyya da bizar Umara, a ƙarshe fasfo yana hannun wani, bashin jirgi yana wuyansu. Akwai ta hamada. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, akasarinsu daga Kance a jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausa suke ji kamar mu.

To wa ke iya bin dillaliya har inda ta zauna? Mace irinta. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta gane shi tun ƙarni na 19, da ta naɗa mata malamai masu laƙabin jaji, ta ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna kai karatu cikin gidaje a tsarin 'Yan Taru. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, kusan wannan sawu ta bi da makarantunta da asibitocinta. Ƙungiyar WOFAN ta Hajiya Salamatu Garba ta shiga ta ƙofar noma da sarrafa amfanin gona. A can Nefal ma, ƙungiyar Maiti Nepal da Anuradha Koirala ta kafa a 1993 takan ajiye matan da aka taɓa safararsu a kan iyakar Indiya, domin su ne ke gane yarinyar da ake tafiya da ita tun daga yadda take sunkuyar da kai.

A nan ne nake da ja da yadda ake tallafi. Kuɗin masu ba da agaji yakan ƙare a ɗakin taro na otal, a buga riguna da huluna ranar 30 ga Yuli, ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya, a ɗauki hoto a watse. Matar da ta san gidan da dillaliya ta shiga jiya ba ta cikin hoton. Ungozoma ce, ko malamar Islamiyyar matan aure, ko uwar adashi. Ba ta da rajista, ba ta iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci, don haka ba ta cikin lissafi.

Wa'azi kaɗai kuma ba zai yi ba, domin uwar da ta ba da 'yarta ba rashin so ne ya sa ta ba. Kayan ɗaki take tunani, da gorin dangin miji ranar jere. Ƙungiyar da ta zo da lacca za a saurare ta cikin ladabi, a raka ta ƙofa. Wadda ta zo da jarin awaki biyu, ko injin niƙa, ko tukunyar turara shinkafa, ita ce ke da abin da za ta ajiye gaban tayin dillaliya.

Masarautar Rano a yanzu ƙananan hukumomi uku ta ƙunsa: Rano, Kibiya da Bunkure. Ba ƙasa ce da ta fi ƙarfin ƙidaya ba. Da kowace unguwa za ta samu mata uku da littafi ɗaya, su rubuta sunan duk yarinyar da za ta fita, da wadda ta ɗauke ta, da gidan da za ta, da lambar wayar matar gidan, a kira duk Juma'a a ji muryar yarinyar, da dillaliyar da ke shirin wucewa da ita Legas ta san akwai masu tambaya. Kuɗin wannan aiki bai wuce na littafi da biro da katin waya ba, sai na motar da za ta je ta ɗauko yarinyar ran da aka kira ba a ji ta ba.