KADA KA ZUBA KIFI A SABON TANKI SAI RUWAN YA NUNA



Yau zan yi magana a kan kuskuren da ya cinye min jari har sau biyu, don kada wani ya maimaita shi. Lokacin da na gina tankina na farko a bayan gida a nan Miga, na siminti ne, tsawo mita 2, faɗi mita 2. Magini ya gama, ya bushe, na cika shi da ruwan bohol garai-garai, bayan kwana biyu na je Kano na sayo 'ya'yan tarwaɗa 500 na zuba. A kwana na uku na ga sun tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama jela ƙasa, sun daina cin abinci. Kafin mako ya zagayo na kwashe gawar fiye da rabinsu. Na kira wanda ya sayar min ina ta faɗa. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce: "Malam, ka auna ruwan kafin ka zuba su?" Wallahi a lokacin ban ma san ana auna ruwa ba.

Wannan karon siminti ne ya kashe su. Karo na biyu na wanke tankin yadda ya kamata, na haɗa matatar ruwa da durom don in rage kuɗin man janareto, na zuba kifi a ranar da na kunna ta, na daina canza ruwa tunda ai ina da matata. A mako na uku mutuwa ta dawo. Da na buɗe kunnen wani da ya mutu, wurin da yake numfashi, maimakon ja sai na gan shi ruwan ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa.

Abin da ya buɗe min ido shi ne wani bidiyo da ƙanena ya nuna min a waya, na Turawa masu ajiye kifin teku na ado a akwatin gilashi cikin falo. Mutum zai sayi akwatin, ya haɗa ruwan gishiri daidai da na teku, wato wajen giram 35 na gishiri a kowace lita, ya jera duwatsu, ya kunna famfo, sannan ya zauna yana kallon akwatin da babu kifi ko ɗaya har mako 4 zuwa 6. Kullum yana auna ruwa yana rubutawa. Na ce wannan wane irin ɓata lokaci ne? Ashe abin da yake jira shi ne abin da ni na tsallake. Mu a Jigawa ba mu da teku, tarwaɗa da karfasa muke kiwo a ruwan daɗi, amma dokar ɗaya ce.

MENE NE NUNAR RUWA?

Duk mai kiwon kaji ya san warin nan mai yaji da ke tashi a ɗakin kaji idan shimfiɗa ta jiƙe, wanda ke sa ido hawaye. Sunansa amoniya. To kifi ma yana fitar da ita, akasari ta kunnensa, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa su ƙara. Bambancin shi ne kaza za ka buɗe mata taga iska ta kwashe, shi kuwa kifi a cikinta yake kwana.

A kogi ko fadama, irin kogin Haɗeja da masuntanmu ke shiga, ruwa na da yawa, kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, manne a jikin duwatsu da laka da saiwoyi, su ne ke cinye wannan dattin. Aikin hawa uku ne:

1. Amoniya, guba ta farko. Tana ƙone kunnen kifi.
2. Wani rukunin bakteriya, irin su Nitrosomonas, yana mayar da amoniya zuwa naitarait. Wannan ce guba ta biyu. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa jinin da kunnen ke komawa ruwan ƙasa. Ita ce ta kashe min kifi a karo na biyu.
3. Wani rukunin daban, irin su Nitrobacter da Nitrospira, yana mayar da guba ta biyu zuwa naitaret. Wannan ba ta da haɗari sosai, taki ce ma ga shuka.

Ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya yi fice wajen binciken waɗannan halittu tun wajen shekarar 1890. Matsalar ita ce sabon tanki da sabuwar matata ba su da su da yawa, kuma suna hayayyafa a hankali ƙwarai. Rukuni na biyu ma ba ya samun abinci sai na farko ya fara aiki. Jiran da za ka yi su yawaita har su iya cinye dattin kifinka, shi nake kira nunar ruwa.

BARI MU YI LISSAFI

Ka ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a mita, sannan ka ninka da 1,000, zai ba ka yawan lita. Nawa 2 × 2 × 0.75 ne, wato lita 3,000.

Kilo 1 na abincin kifi mai furotin sosai yana haifar da kusan giram 30 na amoniya. Idan kana ba da giram 300 a rana, giram 9 ke nan. A raba a lita 3,000, ya zama miligiram 3 a kowace lita, kullum. Alhali abin da ake so ma'auni ya nuna shi ne ƙasa da 1. Kun ga kwana uku ba canjin ruwa ba matata mai rai, an shiga matsala.

Sannan akwai pH, ma'aunin tsami da kaifin ruwa. Kifi ya fi son tsakanin 6.5 da 8.5. Sabon siminti yana iya tura shi ya wuce 10, wanda shi kaɗai ya isa ya kashe. Bayan haka, amoniya iri biyu ce a cikin ruwa, mai dafi da mai sauƙi. A pH 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 9, a ruwa mai ɗumi irin namu, tana kaiwa wajen kashi 40 cikin 100. Zafi ma yana ƙara ta, don haka a kula sosai a watan Afrilu da Mayu.

Wani zai ce ai tarwaɗa tana da taurin rai, tana shaƙar iska a sama. Gaskiya ne ga babba. 'Ya'yan da ba su wuce tsawon yatsa ba, ba su da wannan juriyar.

MATAKI NA FARKO: KASHE KAIFIN TANKI

Wannan ya shafi kowa, ko da matata ko babu.

Na siminti: ka cika shi, ka bar shi mako guda, ka zubar, ka goge bango da burushi, ka sake cikawa wani makon. Masu kiwo da yawa suna jefa kututturen ayaba ko buhun busasshen kashin kaji a ɗaure a lokacin jiƙon. Bayan haka ka wanke, ka zuba sabon ruwa, ka bar shi kwana biyu, ka auna pH. Idan ya haura 8.5, a sake jiƙo.

Na tamfol ko roba: a wanke da ruwan gishiri, a jiƙa kwana uku, a zubar. Ban da sabulu, ban da omo.

Ruwan bohol yana fitowa da ƙarancin oksijin. Kada ka cusa tiyo a ƙasan tanki, ka ɗaga shi ruwan ya riƙa faɗowa yana fantsama. Idan ruwan famfo ne na gari mai sinadarin kulorin, a bar shi a buɗe kwana biyu, don kulorin yana kashe kifi da bakteriyar duka.

MATAKI NA BIYU: KA ZAƁI HANYA

Hanya biyu ce ta fitar da amoniya. Ta farko, canza ruwa a kai a kai, wadda yawancin masu kiwon tarwaɗa ke bi. Idan kana da bohol mai sola da wurin zubar da ruwa, ta wadatar, amma fa ba fashi. Ta biyu, matata mai rai, ga wanda ruwa ke yi wa tsada. Ita ba ta hana canza ruwa gaba ɗaya, ragewa take yi sosai.

Yadda na haɗa tawa: durom ɗin roba mai lita 200, na ɗora shi sama da bakin tanki, a inuwa. Na cika shi da murafen gorar lemo da tsakuwa wankakkiya, na shimfiɗa soso a sama don tare datti. Ƙaramin famfo yana ɗago ruwa ya yayyafa ta sama, ya tsiyaye ta ƙasa ya koma tanki. Amfanin wannan tsarin, idan wuta ta ɗauke kayan ciki suna nan da danshi kuma iska na ratsa su, bakteriyar ba ta saurin mutuwa kamar a durom ɗin da ruwa ya cika ya tsaya cik.

Gargaɗi babba: kada ka kuskura ka sa gidan sauro mai magani a matata ko ka rufe tanki da shi. Maganin da ke jikinsa yana kashe kifi nan da nan. Haka durom ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur a ciki.

MATAKI NA UKU: NUNAR DA MATATA BA TARE DA KIFI BA

1. Ka sayi ma'aunin ruwa na ɗigo, mai auna pH da amoniya da naitarait. Ana samu a shagunan kayan kiwon kifi a Kano. Kuɗinsa bai kai asarar zubi ɗaya ba.
2. Ka cika tanki, ka kunna famfo dare da rana gwargwadon iko. Bakteriyar nan tana shan oksijin sosai.
3. Ka ɗaure abincin kifi kamar giram 200 a tsohuwar safa, ga tanki mai lita 3,000, ka rataya a ruwa. Zai ruɓe ya ba da amoniya. Ka riƙa sabunta shi duk mako.
4. Idan kana da aboki mai tsohuwar matata kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi ɗan soso ko tsakuwa daga ciki, ka kawo a jiƙe ka sa a taka. Kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara ne. Yana rage jira sosai. Daga gonar da ake mutuwa kuwa, kada ka karɓa ko kyauta ne.
5. Ka auna duk bayan kwana biyu, ka rubuta a littafi.

Abin da za ka gani: mako na farko zuwa na biyu amoniya za ta hau. Daga nan ta fara sauka, naitarait ta hau, wani lokaci ta daɗe a sama har ka fara tunanin abin ya lalace. Bai lalace ba, rukuni na biyu ne ke taruwa. Ranar da duka biyun suka koma sifili kwana uku a jere alhali safar abinci tana ciki, ruwa ya nuna. Yawanci mako 4 zuwa 6 ne. A sanyin hunturu, Disamba da Janairu, yana iya wuce haka, don sun fi aiki a ɗumin digiri 25 zuwa 30.

Aikin bakteriyar yana sa ruwa tsami a hankali. Idan pH ya fara sauka ƙasa da 6.5, ka sa dakakken ɓawon kawa, irin wanda muke ba kaji masu ƙwai, a cikin ƙaramin buhu ka ajiye a durom. Yana narkewa sannu a hankali. Kada ka watsa kanwa ko toka, suna ɗaga pH farat ɗaya su mayar da amoniya mai dafi.

RANAR ZUBA KIFI

Ka canza rabin ruwan. Ka fara gwaji da kifi 10 na kwana biyu. Idan suna iyo suna ci, ka kawo sauran, da sassafe ko da yamma. Kada ka juye jarka kai tsaye. Ka riƙa ɗiban ruwan tanki kana ƙara musu kaɗan-kaɗan na minti 20, sannan ka karkata jarkar su fita da kansu. Ranar farko ba abinci. Bayan nan ka ƙara abinci a hankali, don bakteriyar tana yawaita ne daidai da abin da take samu.

IDAN KA RIGA KA ZUBA FA?

Idan kana karanta wannan kifinka na ciki kuma sun fara tsayuwa a sama: ka tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ka canza rabin ruwa, gobe ka sake. Idan naitarait ce ta hau, ka narkar da gishiri kilo 1 ga kowace lita 1,000 a bokiti, ka zuba a hankali. Gishirin yana tare wa gubar hanyar shiga jini. Kada ka yi gaggawar zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba cuta ba ce, ruwa ne, kuma maganin zai kashe bakteriyar da kake jira.

Sannan idan za ka wanke soson matata, da ruwan tankin za ka ɗauraye shi a bokiti. Kada ka wanke kayan durom duka rana ɗaya, kada ka shanya su a rana, in ba haka ba ka koma farko.

Ruwan da kake zubarwa kuma kada ya tafi a banza. Ni nawa yana bin kwata zuwa ɗan lambun zogale da alayyafo, sai dai ranar da na sa gishiri. Wanda ke kusa da Dutse kuma yana son ƙarin haske, akwai sashen nazarin kiwon kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai kuma malaman gona na JARDA.

Shawarata ga mai farawa: ka gina tanki, ka sayi ma'auni, ka fara nunar da ruwa, sai daga baya ka kira mai 'ya'yan kifi ka ba shi rana. Mu da muke kiwon kaji ba ma ɗauko 'yan tsaki sai mun ɗumama ɗaki tukuna. Kifi ma haƙƙinsa ke nan. Zubina na uku na jira kwana 33 ina kallon tanki babu komai, maƙwabta har tsokanata suke yi wai ruwa nake kiwo. Wannan zubin ne na fara kai wa kasuwa.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mana jari.