Motar Kaya Ta Zama Bas: Wane Gareji Za Mu Kai Ta Kafin Rajista?

A 'yan shekarun nan ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata da yawa sun sayi mota ta hanyar da aljihu zai iya ɗauka. Akan sayo tsohuwar motar kaya mai rufaffen baya, irin su Toyota Hiace, a yanka mata tagogi, a jera kujeru, ta zama bas. Wannan dabara ba laifi ba ce. Amma motar da aka sāke wa siffa ba ita ce wadda kamfani ya gwada ba, saboda haka ran duk wanda zai shiga cikinta yana hannun garejin da ya yi aikin.

Shawararmu ta fari ita ce a nemi bakanike kafin a sayi mota, a tafi da shi wajen ciniki. Tun ran gini ran zane. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dokokin hanya na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Motocin Japan da Ingila kuwa a dama sitiyarinsu yake. Juya shi ba ƙaramin aiki ba ne: sai an canja akwatin sitiyari, da wurin taka birki, da fitilun gaba, domin haskensu yana karkata wajen hagu ne, watau cikin idon mai zuwa. Ga kuma abin da mutane ke mantawa: ƙofar fasinja ta irin waɗannan motoci sau da yawa tana hagu, wato yaranmu za su riƙa sauka a tsakiyar titi. Wanda ya yanke sandar sitiyari ya haɗa da walda ya haƙa wa mutane rami. Gara a ƙara kuɗi a sayi mai sitiyari a hagu.

To, yaya za mu gane garejin kirki? Masu sana'a suna nan birjik a Panteka ta Kaduna, da Dilimi a Jos, da Apo a Abuja, amma ba kowane mai walda ne ya san aikin bas ba. Mu roƙi shugaban gareji ya nuna mana motar da ya gyara wadda ta shekara tana aiki, mu tambayi direbanta. Sa'an nan mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashinta. Kujerun kirki da noti ake ɗaure su, da farantin ƙarfe a ƙasa, ba ɗigon walda a kan siririn kwano ba. Idan aka taka birki da ƙarfi, kujerar da aka ɗiga wa walda takan ɓalle ta tafi gaba da mutanen da ke kanta. Wajen tagogi kuma, kwano kaɗai ake yankawa; ginshiƙan da ke riƙe da rufi ba a taɓa su, gama su ne ke tsare kawuna in mota ta kife.

Sai maganar nauyi. Kamfani yakan manna ƙaramin allo a jikin ƙofar direba ko kusa da inji, mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Mutum 18 masu nauyin kilo 70 kowanne sun kai kilo 1,260, ban da buhuna da ganguna. Bakanike mai gaskiya zai faɗa mana kujeru nawa birki da sifirin za su iya, ko da ba abin da muke so mu ji ba ne. A duba taya kuma: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1522 mako na 15 ne na 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, wasu suna mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG. Wannan aiki sai cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Matsin iskar ya kai ba 200, tukunyar gas ta girki ba za ta iya ba. A Oktoba 2024 wata tukunya ƙirar hannu ta fashe a gidan mai a birnin Benin, mutane suka ji rauni.

Game da takardu, a ja wa mai walda da mai fenti kunne kada su taɓa lambar shasi, domin dole ta dace da wadda ke takardar kwastan. In an canja inji ko launi, a faɗa a ofishin rajista. A tabbata an rubuta motar a matsayin ta ɗaukar mutane, da yawan kujerunta, a kuma gaya wa kamfanin inshora haka. In takarda ta ce motar kaya ce, ranar tsautsayi kamfanin yana iya ƙin biyan fasinjoji.

Daga nan sai a kai motar kanta gaban jami'an VIO su gwada birki da fitilu da sitiyari. Akwai dillalan da za su ce a ba su kuɗi su kawo takardar lafiyar mota alhali motar tana gida. Mu guje su. Takardar da aka saya ba za ta tsayar da bas a gangaren Hawan Kibo ba. In jami'i ya ƙi motar, ya yi mana alheri; a mayar da ita gareji.

Saboda wannan, kwamiti ya rubuta yarjejeniya da mai gareji, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai motar ta ci gwaji. Wanda ya san aikinsa ba zai ƙi wannan sharaɗi ba. Wanda ya ƙi kuwa, ya riga ya ba mu amsa. 'Yan'uwa, araha ba ta ado, balle a motar da za ta ɗauki iyayenmu mata da 'ya'yanmu.