Bonny: Tsibirin da gangar gargajiya ke amo kusa da masana'antar iskar gas

Tun da sanyin safiya bakin ruwan Fatakwal ke cika da hayaniya. Cikin kayan da ake lodawa a kwalekwale masu inji akwai buhunan albasa, wake da barkono da suka taso daga Arewa. Ga Hausawa da dama mazauna birnin, tsibirin Bonny kasuwa ce kawai: a kai kaya, a karɓi kuɗi, a juyo. Amma mai son sanin maƙwabtansa zai tarar da abin da ya wuce ciniki.

Bonny, ƙasar al'ummar Ibani ce a Jihar Ribas, a gaɓar Tekun Atlantika. Sarkinta, mai sarautar Amanyanabo, shi ne Edward Asimini William Dappa Pepple na Uku. Ƙarƙashinsa akwai manyan gidaje da ake kira Wari, kowanne da shugabansa, kamar dai yadda hakimai ke kewaye da sarki a ƙasar Hausa. Rikicin da ya ɓarke tsakanin biyu daga cikin waɗannan gidaje a 1869 ne ya sa Jaja ya fice da mutanensa, ya kafa Opobo a 1870.

Har gobe waɗannan gidaje ne ke riƙe da al'ada. Ranar 25 ga Disamba dodon Nwaotam ke fitowa, 'yan asalin tsibirin kuma su dawo gida daga birane, tamkar yadda hawan Sallah ke mayar da Bakano gida. Akwai kuma bikin Iria, inda mace ke fita bainar jama'a cikin zannuwa masu tsada da murjani, alamar ta kai matsayin cikakkiyar mace.

Ba komai ne ya tsira ba. A 1867, bayan shigowar Kiristanci, Sarki George Pepple ya ba da umarnin kashe guzaye, waɗanda a da ake tsarkakewa. Daga 1999 kuma kamfanin NLNG ya fara fitar da iskar gas daga tsibirin, lamarin da ya jawo ma'aikata daga ko'ina.

Sauyi na gaba tafe yake ta tudu. A 2017 Yemi Osinbajo, Mataimakin Shugaban Ƙasa a lokacin, ya ƙaddamar da aikin hanyar Bodo zuwa Bonny, wadda aka bai wa Julius Berger. Ga fatake, hanyar na nufin sauƙin dako da tsira daga 'yan fashin teku da suka daɗe suna addabar matafiya. Sai dai ruwan da ya wahalar da baƙo shi ne kuma ya zame wa al'adun Ibani ganuwa.

Don haka duk wanda ya je, ya shiga da ladabin baƙunta: ya gaida manyan gida, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya kuma tsaya inda aka ce baƙo ya tsaya idan dodo ya fito.