Bankin Ya Share, Amma Bai Yafe Ba

Da kaka, a bakin titin Funtua zuwa Gusau daidai Mairuwa, na tsaya a rumfar wani yaro mai POS ina jiran layi ya zo kaina. Dattijon da ke gabana ya sayar da masara, dillali ya tura masa kuɗin ta banki, ya kuma ga alat da idonsa tun jiya. Ya miƙa kati. Yaron ya danna, ya sake dannawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai babu kuɗi a ciki." Dattijon ya ce a sake gwadawa, wataƙila sabis ne. Da aka duba saƙonnin wayarsa sai ga bayani: an kwashe kuɗin an biya wani tsohon bashin noma da ya ci a wani banki daban, shekara huɗu baya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya gyara hula, ya ce, "To ba cewa aka yi an share wannan bashin ba?"

Mai yiwuwa an share shi ɗin, sai dai sharewar banki daban take da yafiyar da muka sani. A ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya, idan bashin bankin kasuwanci ya yi kwana 90 ba a biya ba, ya shiga sahun masu matsala. Idan ya haura kwana 360, ana lissafa shi a matsayin ɓatacce, dole bankin ya ware kuɗi daga ribarsa ya toshe ramin. Daga nan yana iya cire shi daga babban littafinsa. Wannan gyaran lissafi ne tsakanin banki da masu sa masa ido. Sunan wanda ya ci bashin yana nan a wani littafin, kuma haƙƙin bankin na neman kuɗinsa bai faɗi ba. Yakan miƙa aikin ga sashensa na karɓo bashi, ko ya ɗauki 'yan kwangila su bi masa a ba su kaso.

A Amurka, inda sayayya da katin bashi ta zama ruwan dare, bayan kwana 180 kamfanin katin yakan share bashin, sau da yawa kuma ya sayar da shi a farashin banza ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan. Takurawar masu bin bashi ta yi yawa har sai da aka yi musu doka ta musamman a 1977. Mu nan katin da ke aljihunmu na cirar kuɗinmu ne, amma hanyar da bashi ke bi idan ya tsufa iri ɗaya ce.

Bashin da ya fi shiga gidajen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa iri uku ne. Akwai na noma, wato shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, wanda aka fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya ta cikinsa, manoman masara da auduga na yankin Funtua ma suka samu. Akwai "kuɗin korona" na 2020, da aka fara da naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Sai na manhajojin waya, da matasa suka fi faɗawa. Na farko da na biyun, mutane da yawa sun karɓe su a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, kuma 'yan siyasa ba su wahalar da kansu wajen gyara wannan fahimtar ba. Wasu kuwa da niyyar biya suka karɓa, 'yan bindiga suka raba su da gonakinsu. Wanda aka kora daga ƙauyensa ana saura wata guda girbi, ko ya sayar da shanun huɗa ya fanso ɗansa, ba a haɗa shi da wanda ya sayar da takin da aka ba shi bashi ya ƙara aure. Na'urar banki dai ba ta san wannan bambancin ba. Lambar BVN, wato lambar shaidar mai asusu a banki, kawai ta sani.

Abin da ya faru da dattijon nan sunansa GSI. Tsari ne da Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Cikin takardun da mai cin bashi ke dangwala wa hannu akwai izinin cewa idan ya kasa biya, a ɗebi kuɗin daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗinsa, a kowane banki yake, har da asusun haɗin gwiwa. Tun 2022 an ba masu bin bashin damar su yi ta leƙawa har sai sun cika kuɗinsu. Shi ya sa dabarar buɗe sabon asusu a wani banki ta zama an gudu ba a tsira ba. Amma tsarin yana da iyaka da ya kamata kowa ya riƙe: uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda a cira ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Wanda aka cire masa fiye da haka, ko aka cire masa bashin da bai ci ba, ya rubuta ƙorafi ga bankin, ya karɓi shaidar sun karɓa. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, sai ya kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Abin da na lura shi ne tsoronmu a juye yake. Wannan mai ɗiba a ɓoye ba mu damu da shi ba sai ya ɗiba. Wanda ke hana mu barci shi ne mai kiran waya.

Wanda ya taɓa cin naira dubu ashirin a manhaja ya san masu kiran nan. Kwana biyu da cikar wa'adi sai kira ya fara, safe da dare. Sai saƙo ya je wa surukinsa da limamin unguwarsu cewa wane ɓarawo ne ana nemansa. Wasu ma har sanarwar rasuwar mutum suke haɗawa da hotonsa, yana raye. Sun san inda ke mana ciwo, domin Bahaushe ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce an tona masa asiri gaban surukai. Duk wannan haramun ne a doka. A Agustan 2021 hukumar kula da fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane. A 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan wayar mutum, kuma a Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Saboda haka kada a goge saƙon zagin don ɓacin rai. A ɗauki hotonsa, da lambar da ta turo da ranar, a aika wa FCCPC.

Barazanar "za mu turo 'yan sanda" ma holoƙo ce. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda kawai ya saɓa yarjejeniya irin ta bashi, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, balle a ɗauke mata ko ƙane a ce sai mai gida ya fito. Maganar tana canzawa idan da zamba a ciki, kamar takardun bogi ko cakin da babu kuɗi a bayansa. Wanda ya tsaya wa wani kuwa ya sani cewa ana iya bin sa kuɗin, don abin da ya sa hannu a kai ke nan. Ƙwace babur ko buhunan hatsin da ba a ba da su jingina ba, sai da hukuncin kotu.

Duk wannan bai sauke bashin daga wuyan mutum ba. Mu da ake tsayawa a gaban gawa a yi cigiyar masu bin mamaci, mun san nauyin abin tun kafin a ƙirƙiro BVN. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ayoyi biyu kafin ita aka yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Rubutun nan shi muka fi sakaci da shi, alhali shi ne garkuwar talaka a gaban mai bin bashi.

Idan baƙuwar murya ta kira ta ce an miƙo mata bashinka, kada ka yi musu, kada kuma ka yi alkawari. Ka ce a turo a rubuce: sunan wanda ya ba da bashin, uwar kuɗin, ruwan, tarar, abin da ka riga ka biya, da takardar da ta ba su izinin karɓa. Sannan ka hau mota ka je reshen bankin a Funtua ka tabbatar. Kada ka tura ko sisi asusun wani mutum, kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da ta shigo wayarka, domin 'yan damfara sun gano cewa mai bashi ba ya yawan tambaya. Idan na noma ne, ka tambayi ina inshorar da aka cire kuɗinta tun farko ta kwana, ka kuma kai duk wata shaidar cewa an tashi garinku, ko da wasiƙar mai gari ce.

Sai ciniki. Bashin da aka riga aka share, duk abin da ya dawo daga cikinsa tsintuwa ce a wajen banki, don haka sau da yawa sukan saurari maganar yafe tara, rage ruwa, ko rarraba biya. Ka faɗi abin da za ka iya, ka ɗaura shi da lokacin da kuɗi ke shigo maka. Manomi ya nemi biya bayan girbi, kada kunya ta sa ya amsa biyan wata-wata a tsakiyar damina. Kuma kada a ci sabon bashi a manhaja don a biya tsoho, wannan tona rami ne a cike rami. Duk abin da aka daidaita a kai, sai an rubuta a takardar bankin mai hatimi kafin kuɗi ya fita.

Bayan an gama biya akwai sauran aiki ɗaya. Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin 'yan Nijeriya, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka duba ko an gyara sunanka, don kada ranar da ka je neman jarin taki a ce har yanzu ana bin ka. Ka kuma karɓi takardar shaidar cewa bankin ba ya bin ka komai, ka yi mata kwafi biyu, ka sa ta a ledar da kake ajiye takardar gona, ka nuna wa babban ɗanka inda take.